Babi na Shida: Zuwa Gidan Abinci da Iyali da Karanta Farashi

Iyayena da yayyena masu karatu, a babin da ya wuce mun koyi rubuta lambobi tun daga 1 har zuwa 10.000. A wannan babi za mu fitar da lambobin nan daga cikin aji, mu kai su inda ake cin abinci ana biyan kuɗi. Kowa ya ɗauko littafinsa da fensirinsa. Wanda yake da tsabar kuɗi a aljihu ya fito da ita ya ajiye a kan tabarma, domin za mu yi aiki da ita.

Darasi na 1: Wane irin gidan abinci muke nufi?

Ba mai tuwo ta bakin tasha muke nufi ba, wadda ake cewa ta zuba na dala arba'in ta zuba, kuma ba babban otel na baƙi muke nufi ba. Muna nufin gidan da yake tsakaninsu, mai tebur da kujeru da wurin wanke hannu, inda magidanci zai shiga da matarsa da ƴaƴansa da tufafinsu na yau da kullum, su zauna, a kawo musu abinci a faranti. A manyan birane akwai kamfanonin da suke buɗe irin wannan gida da yawa da suna ɗaya, kowane ɗaya ana ce masa reshe. A Najeriya akwai Mr Bigg's, wanda ya fara a Legas a 1986, da Chicken Republic, wanda ya fara a 2004, kuma waɗanda suke bin hanyar Matameye da Daura zuwa Kano sun sha ganin allon na biyun. A nan Damagaram yawancin gidajen abinci na mutum ɗaya ne, amma tsarin da za mu koya iri ɗaya ne.

Amfanin irin wannan gida na farko shi ne farashinsa a rubuce yake. A Kasuwar Dole mai kaya yakan dubi rigar mutum kafin ya faɗi kuɗi, sai an yi ciniki, an yi albarka, an tafi an dawo. A gidan abinci mai rubutaccen farashi, abin da alhaji mai mota zai biya shi ɗan kabu-kabu zai biya. Idan gidan mai rassa ne, abincin da mutum ya ci a reshe ɗaya shi zai tarar a wani, saboda haka matafiyi yana shiga ya san abin da za a kawo masa. Ban da wannan, uwargida tana samun hutun murhu ko da sau ɗaya ne a wata, ga shi ana zaune ana ganin tsabtar wurin da ido. Ba na cewa a mai da shi wurin cin kullum. Ya fi girkin gida tsada, kuma soye-soyensa da lemunsa ba su dace da mai hawan jini ko ciwon suga ba. Amma ranar sallah, ko ranar da yaro ya ci jarrabawa, ko ranar da aka kawo mara lafiya daga ƙauye ba a samu damar ɗora tukunya ba, gidan yana da rana.

Darasi na 2: Takardar abinci

Idan kun shiga, ku yi sallama, ku wanke hannu, ku zauna. Za a kawo muku takarda, ko kuwa ku ga allo a bango. Kada ku mayar da takardar kuna cewa idonku ba ya gani sosai, domin na san wannan dabarar, na ji ta a ajin nan fiye da sau goma. Ku riƙe ta yadda kuke riƙe littafinku. Ana fara karatu daga hagu, ba daga dama ba kamar allon makarantar Muhammadiyya. Sunan abinci yana hagu, kuɗinsa yana dama, a kan layi ɗaya. Ku ɗora yatsa a kan sunan abincin, ku ja yatsan a hankali zuwa dama ba tare da kun hau sama ko kun sauka ƙasa ba, har ya kai ga lamba. Wannan lambar ita ce kuɗin faranti ɗaya, ba kuɗin mutanen tebur duka ba.

Ko da yake tun watan Maris na 2025 dokar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, yawancin allunan har yanzu da Faransanci ake rubuta su. Kalmomi kaɗan sun ishe ku. Riz shinkafa ce, poulet kaza ce, viande nama ne, poisson kifi ne, frites kuwa soyayyen dankalin turawa ne. Ku kwafe su a littafinku sau uku-uku. Abin da ba ku gane ba ku tambayi mai kawo abinci, ku ce masa, "Ɗana, mene ne wannan?" Aikinsa ke nan, kuma ba zai raina ku ba.

Darasi na 3: Lambar da aka rubuta ba dala ba ce

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, saboda haka a nan za mu daɗe. Mu da baki muna lissafi da dala, amma takarda da sefa take lissafi. Dala ɗaya sefa 5 ce. Harafin F da kuke gani bayan lamba yana nufin sefa. Idan an rubuta 500 F, ba dala ɗari biyar ba ce, dala ɗari ce. Ku sake faɗa da ni, 500 a rubuce dala ɗari ce a baki.

Bara na kai wasu daga cikin ɗalibaina wani gidan abinci domin su gwada karatunsu. Wani dattijo, wanda ya fi kowa kyan rubutu a ajin, ya ɗora yatsansa a kan shinkafa da wake, ya ja shi daidai yadda aka koya masa, ya karanta 300 da ƙarfi ba kuskure. Sai na ga ya ajiye takardar, ya jawo takalmansa da ƙafa, ya gyara hularsa zai tashi. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Malam, shinkafa da wake jika da rabi? Ai gara in koma gida in sha fura." Ya karanta lambar daidai, amma da bakinsa ya ce ɗari uku, sai zuciyarsa ta ji dala ɗari uku, alhali kuɗin dala sittin ne kawai. Da na zuba masa ƙwandala uku ta dala ashirin-ashirin a tafin hannu, ya juya kowace ɗaya ya ga 100 a jikinta, sai ya yi shiru, daga baya ya ce shekara da shekaru yana kashe wannan kuɗi bai taɓa duba abin da aka rubuta a kansa ba.

Ku ma ku duba naku yanzu. Ku ɗauki dala biyar, za ku ga 25 a jikinta. Dala goma tana ɗauke da 50, dala ashirin 100, dala arba'in 200, dala hamsin 250, dala ɗari kuwa 500, ko ta ƙarfe ce ko ta takarda. Takardar jika tana ɗauke da 1000. Babu kuɗi ko ɗaya a hannunku da aka rubuta masa lissafin dala.

Ga hanya mai sauƙi ta mai da rubutu dala. Ku rufe sifirin ƙarshe da yatsa, sannan ku ninka abin da ya rage sau biyu. Ku ɗauki 500. Ku rufe sifirin ƙarshe, saura 50. Ku ninka 50, ya zama 100, wato dala ɗari. Ku ɗauki 300 ɗin dattijon nan. Ku rufe sifiri, saura 30, ku ninka, ya zama 60, dala sittin. Ku ɗauki 750. Ku rufe sifiri, saura 75, ku ninka, ya zama 150, dala ɗari da hamsin. Sifiri ɗaya ake rufewa, na ƙarshe kaɗai, ko da sifirin biyu ne ko uku. Wanda ya rufe biyu a 500 zai ga 5, ya ninka ya samu dala goma, ya yi murna a banza, sai lokacin biya ido ya raina fata.

Kada wanda ya ji kunya idan bai kama ba a karon farko, domin laifin ba na ƙwaƙwalwarsa ba ne, tun yana yaro da dala aka aike shi kasuwa. Mu sake. An rubuta 400 F. Rufe sifiri, 40, ninka, dala tamanin. An rubuta 600 F. Rufe sifiri, 60, ninka, dala ɗari da ashirin. An rubuta 150 F, kuma wannan ita ce mai yaudara, domin baki yana son ya ce ɗari da hamsin. Rufe sifiri, 15, ninka, dala talatin ce kawai.

Idan lamba ta kai huɗu a jere, ta farko jika ce. 1000 jika ɗaya ce, 2000 jika biyu ce. Wasu suna sa ɗigo su rubuta 1.000, wasu su bar fili kaɗan, duk abu ɗaya ne, ɗigon ba ya ƙara kome. Idan kun ga 1500, ku ware ta farko, jika ɗaya, sannan ku yi wa 500 abin da kuka saba, dala ɗari, wato jika da rabi. Lambar da ta ƙare da 5 ba ta da sifirin rufewa, sai dai a haddace ta. 25 dala biyar ce, 75 dala goma sha biyar ce, 125 dala ashirin da biyar ce.

Aiki: ku mai da waɗannan dala, ku rubuta amsar da kalmomi: 200, 350, 500, 800, 1250, 2500.

Dole in faɗi wata magana. A ajin da ya wuce mutum huɗu sun kawo mini wannan aikin da rubutun da na san ba nasu ba ne, na ƴaƴansu ƴan lakwal ne. Wanda ya yi haka kansa ya cuta, ba ni ba. Ranar da za a miƙo muku takardar kuɗi a gaban surukai, yaron yana makaranta. Mun yi mako biyu a kan rufe sifiri, amma har yanzu akwai mai ce mini 500 dala ɗari biyar ce, kuma shi ne ba ya zuwa ranar Alhamis saboda kasuwa. Wanda bai yi aikin da hannunsa ba kada ya wuce zuwa darasi na gaba. Ya koma ya ɗauki ƙwandalarsa ya sake dubawa, 100 a rubuce dala ashirin ce, 500 a rubuce dala ɗari ce.

Darasi na 4: Haɗa kuɗi kafin a ci

Ku yi lissafi kafin ku ce a kawo, ba bayan faranti ya zama wayam ba. A ce ku huɗu ne, kuma a allon an rubuta shinkafa da miya 500, rabin kaza 1500, dankali 750, ruwan leda 25. Kun nemi shinkafa faranti uku, 1500 ke nan. Rabin kaza 1500. Dankali faranti ɗaya na ƙaramin yaro 750. Ruwa huɗu 100. Ku jera lambobin a ƙarƙashin juna, ku haɗa su da sefa yadda suke, za ku samu 3850. Sai bayan kun gama haɗawa za ku mai da shi dala, wato jika uku da dala ɗari da saba'in. Kada ku haɗa rabi da sefa rabi da dala. Ku tambaya tun farko ko nama yana cikin kuɗin miya ko dabam ake biyansa, domin a nan ake yawan samun gardama.

Darasi na 5: Biya da canji

Ku nemi takardar lissafi, ku gwada ta da abin da kuka rubuta. Idan kun ba da takardar jika biyar, wato 5000, a kan 3850, canjinku 1150 ne, jika ɗaya da dala talatin. Ku ƙirga shi a wurin kafin ku tashi. Idan akwai kuskure ku nuna layin da yatsa cikin ladabi.

Darasi na 6: Idan kun ƙetare iyaka

A Kano da naira ake rubuta farashi, kuma alamarta tana gaban lamba. A can ba a rufe sifiri, yadda aka rubuta haka ake faɗa, 500 naira ɗari biyar ce.

Darasi na 7: Aikin gida

Ku je gidan abincin da ya fi kusa da ku, ku kwafo abinci biyar da farashinsu daga allo, ku mai da su dala. Ba sai kun saya ba. Ku kawo littafin ranar Litinin.