Daskarar da ƙullutun sankarar mama: abin da za ki tambayi likita

Ranar da Goggona ta ji ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a nononta, a nan Garwa, tsoron wuƙa ne ya hana ta barci. Ni na raka ta asibiti, a can na fara jin batun daskararwa, wato kashe ƙullutun sankara da tsananin sanyi maimakon tiyata.

Ga yadda ake yi. Likita zai kashe zafin wurin da allura, ya soka siririn tsinke cikin ƙullutun yana duba hoton eko, wato hoton cikin jiki da na'ura ke nunawa. Ruwan nitirojin ko iskar argon sai ya mai da ƙullutun ƙanƙara, a bari ya narke, a sake daskarar da shi. Yawanci ranar ake sallamar mace.

Amma ba kowa ya dace da shi ba. A 2025 Amurka ta amince da shi ga mata 'yan shekara 70 zuwa sama, masu ƙullutun da bai wuce santimita 1.5 ba, tare da maganin homon, wato maganin da ke dakile sinadaran jiki masu sa sankarar girma.

Don haka fara da gwajin tsoka, inda ake cire ɗan yanki na ƙullutun a bincika. Riƙe takardun sakamakon, ki tambayi girman ƙullutun da irinsa. In likita ya ce tiyata, ki yarda, kar ki ɓata watanni kina jira. Kuma don Allah kar ki ɗora ƙanƙarar firji a gida, ba ta kai wa ciki.