Babur na hannu: kurakuran da aka fi yi a makonnin farko da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taɓa sayen babur na hannu a Tahoua ya san daɗin yammacin ranar farko, lokacin da aka wanke shi tas, aka goga wa robobinsa mai har suna sheƙi, ya tashi da kiki ɗaya, maƙwabta suka fito suna cewa Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Sai dai abin da mai saye ya gani a ranar, kwalliyar mai sayarwa ce, domin ainihin halin babur ba ya fitowa sai ya kwana biyu ko uku a hannun sabon mai shi. Na lura cewa yawancin asarar da ake yi a wannan ɗan lokaci ba ta zuwa daga babbar cuta a cikin inji, tana zuwa ne daga yadda mutum ya karɓi ƙananan matsalolin da suka fara bayyana.

Kuskuren farko shi ne yanke wa babur hukunci alhali injinsa na da ɗumi. Mai sayarwa yakan tayar da shi kafin mai saye ya iso, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye wuyar tashi da hayaƙi. Gwajin gaskiya shi ne na asuba, bayan babur ya kwana a ajiye: a tayar da shi, a tsaya bayan salansa a duba. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi alama ce ta cewa yana shan baƙin mai, wannan kuwa magana ce babba da ta cancanci a koma wurin mai sayarwa tun ciniki bai huce ba. Amma idan wuyar tashi ce kawai, kada a firgita. Baburan da yawa da ake sayarwa a Adar na ƴan ci-rani ne da suka bar su cikin ɗaki wata da watanni suna Abijan ko Libiya, kuma fetur ɗin da ya daɗe a karbireta yakan bushe ya bar danƙo da ke toshe ƙananan hudojinta, batir ma ya sauka. A zubar da tsohon fetur, a wanke karbireta, a caja batir, galibi shi ke nan.

Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne amincewa da baƙin man da aka tarar a ciki. Kusan kowane mai sayarwa zai ce bai daɗe da yin juye ba, wato sauya baƙin mai, wataƙila ma gaskiya ya faɗa, amma mai saye bai san irin man da aka zuba ba, kuma sanannen abu ne cewa mai mai kauri sosai yana danne ƙarar injin da ya gaji. Don haka juye shi ne aikin farko, tun kafin a yi tafiya mai nisa. A juye shi inji na da ɗumi, a tare man a kwano mai tsabta, a fitar da shi rana a duba: idan ana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, akwai abin da ke cin ɗan'uwansa a injin. A yawancin baburan da girman injinsu 125cc ne da ke yawo a garin nan akwai ƙaramar rariya a ƙasan inji wadda ke tare datti, kuma sau da yawa ana yin juye a manta da ita, alhali wanke ta da fetur ba ya ɗaukar minti 5. Irin wannan inji yana ɗaukar kusan lita 1, kuma baƙin mai mai lamba 20W-50 ya dace da zafinmu, inda a watan Afrilu da Mayu ake wuce digiri 40. A nemi man da aka yi don babur, mai alamar JASO MA a jikin galan, saboda faifan kuloci na babur cikin wannan man suke wanka, kuma wasu mayukan mota na sa su santsi har mutum ya ga yana murɗa wuta babur ba ya ja. Ina ba da shawara a sake juye na biyu da wuri, domin shi ne zai nuna ko garin ƙarfen tsohon datti ne ko kuwa ɓarna ce mai ci gaba.

Daga nan sai gaggawar sauke inji. Wannan ya taɓa faruwa da ni, kuma har yau ina jin zafinsa. Baburina ya riƙa shaƙewa a hawa, yana shan fetur fiye da kima, wani bakanike ya saurara ya ce mini, "Maigida, injin nan sai an buɗe shi." Na yarda, na biya kuɗin kaya da na aiki, matsalar kuwa ta dawo a mako guda, sai daga baya aka gano cewa matatar iska ce ta toshe da ƙurar hunturu. Inji ba ya komawa daidai yadda yake idan hannun da bai ƙware ba ya buɗe shi, shi ya sa ya kamata a fara da mai arha. A ciro buji a dubi bakinsa, domin shi ne ke ba da labarin abin da ke faruwa a ciki: ruwan ƙasa lafiya ce, baƙin toka busasshe na nufin fetur ya rinjayi iska, fari fat na nufin fetur ya yi kaɗan kuma inji na zafi, baƙi mai maiƙo kuma baƙin mai ne ke hawowa. Matata ta soso ana wanke ta, a shanya, a shafa mata mai kaɗan. Ta takarda kuwa ba a wanke ta, sauyawa ake yi. Ƴar ƙarar cak-cak da ake ji a saman inji sau da yawa saitin bawul ne kawai, aikin da ba ya buƙatar sauke komai. Kuma a riƙa gyara abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na gaba, in ba haka ba, ba za a san wanda ya yi magani ba.

Fetur ɗin kwalba da ake saya a bakin hanya ba duka ne gurɓatacce ba, amma a makon farko ya fi kyau a sha a gidan mai guda, don kada a ɗora wa babur laifin ruwa ko yashin da ya shigo ta mazurari. A haska cikin tanki da tocila. Idan akwai tsatsa, a wanke shi a sa ƙaramar matata a tiyon fetur.

Sarƙa ma ana cutar ta da kyakkyawar niyya. Sabon mai babur yakan ji tana kaɗawa ya sa a ɗaure ta tamau, alhali tana buƙatar sassauci na santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta, musamman ga mai bin hanyoyin duwatsu na Keita da Bouza, inda tayar baya ke hawa da sauka ba hutawa. Sarƙar da aka ƙulle tana cin haƙoran da take hawa, tana kuma lalata boris na inji. Idan haƙoran sun yi tsini sun karkata kamar ƙaya, a sauya sarƙa da haƙoran gaba da na baya gaba ɗaya, domin tsohon haƙori yana cinye sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci.

Ana kuma ruɗuwa da zanen taya. Taya na iya zama da zane mai zurfi alhali robarta ta tsufa ta tsattsage, kuma shekarunta a rubuce suke a gefenta da lambobi 4: idan aka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wanda zai ɗauki iyali zuwa Badagishiri ko Ƙonni a kan kwalta mai zafi bai kamata ya yi sakaci da wannan ba, haka ma takalman birki da wayarsa, waɗanda kuɗinsu bai kai na rigar kujera da fitilu masu launi da ake rige-rigen sawa ba. Fitilun nan kuwa, idan aka yanke wayoyi aka jona su barkatai, su ne ke kashe batir a ce babur ne ba shi da kyau. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 a ajiye, ya haura 13.5 idan inji na aiki. A auna kafin a sayi sabo.

Takardu su ne ake bari sai an huta, kuma su ne suka fi tsada idan aka makara. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tillia da Tassara da ke jihar Tahoua, kuma babur abu ne da jami'an tsaro ke sa wa ido a shingayen hanya, don haka babur marar cikakkiyar shaida na iya jawo wa mai shi abin da ya fi tara. A goge wuyan babur a karanta lambar shasi harafi bayan harafi, a gwada ta da wadda ke kan kart giriz, wato takardar rajistar babur, da takardar duwan, wato kwastan. Idan an ga alamar gugar ƙarfe ko sabon fenti a wurin, a mayar wa mai sayarwa da babur ɗin a ranar. A rubuta takardar ciniki da sa hannun mai sayarwa da shaidu biyu, a haɗa da kwafin katin shaidarsa, sannan a je a sauya suna a yi asiransi, wato inshora, tun mai sayarwa yana gari, domin da zarar an gama girbi ƴan ci-rani suka kama hanya, sa hannun da ake nema na iya yin shekara bai dawo Tahoua ba.