Yadda ake haɗa takardun neman manyan jami'o'in Amurka kada fayil ya maƙale

Yawancin waɗanda na ga sun faɗi ba don ba su da ƙoƙari ba ne. Fayil ɗinsu ne bai cika ba. Jami'o'i irin su Harvard, Yale da Princeton dubban mutane ke nema, kuma galibi ba a zama a karanta fayil sai komai ya hallara.

Fara da Common App, wato fom ɗaya na intanet da ake neman jami'o'i da yawa da shi, wanda ake buɗewa 1 ga Agusta. Jami'a 20 ce iyaka, amma kada ka wuce takwas. Kowacce da kuɗin fom ɗinta, kowacce kuma da nata ƙananan tambayoyin bayan babban rubutun da za ka yi game da kanka, wanda bai wuce kalma 650 ba. In babu hali, nemi a yafe maka kuɗin, ba abin kunya ba ne. Jami'ar MIT ba ta cikin Common App, nata fom ɗin daban.

Sai suna, kuma nan na sha wuya. Rubuta shi yadda yake a fasfo, harafi da harafi, a fom, a SAT (jarrabawar neman shiga jami'a), a TOEFL (jarrabawar Turanci), a takardar sakamakon makaranta. Wani yaro da na taimaka wa ya sa Muhammad a fom, jarrabawar Turanci ta fito da Mohammed, ga shi ya juya ranar haihuwa, don su Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. Sakamakon ya isa jami'ar lafiya, amma ya zauna can gefe ba mai shi. Mu kuwa muna nan hankali kwance. Sai da sati uku suka wuce muka leƙa shafin da jami'ar ta buɗe masa, muka tarar wurin jarrabawar har yanzu ba a cike ba. Imel ɗaya mai ɗauke da lambar fayil da sunayen biyu ya warware matsalar, amma da ƙyar muka sha. Saboda haka da zarar an turo maka hanyar shiga shafinka, riƙa dubawa duk kwana biyu. Duba akwatin tarkacen imel ma, can saƙon yakan faɗa.

Wasiƙun malamai biyu da na mai ba ɗalibai shawara, su za su tura da kansu, ba kai ba. In fom ya tambaya ko ka yarda ba za ka karanta su ba, ka yarda. An fi gaskata irin wannan wasiƙar.

Ƙarin kaya kuwa, a bar su. Takardun yabo goma da wasiƙar wani babba da bai san ka ba ba sa ƙara komai, gajiyar da mai karatu kawai suke yi. In kai mai zane ne ko makaɗi na gaske, tura ta hanyar da suka tanada, sau da yawa shafin intanet na SlideRoom.

Zagayen masu nema da wuri yakan rufe 1 ga Nuwamba, na gama-gari farkon Janairu. Mai son tallafin kuɗi ya cike CSS Profile, fom ɗin bayanin kuɗin iyali, sannan kowa ya tuna wa makarantarsa ta aika sakamakon tsakiyar shekara.