Idan Jirgi Ya Tsaya a Gaɓar Turai: Shawara ga Ma'aikacin Jirgin Yawon Buɗe Ido

Kafin ka taka tsani ka sauka, duba allon da aka rubuta lokacin komowar ma'aikata, domin sau da yawa namu yana gaba da na fasinjoji. Saita agogonka da na jirgi, kada ka dogara da waya. Girka ta fi Italiya da awa 1, wayar kuwa tana canja lokaci da kanta.

Riƙe katin shaidarka na jirgi da 'yan Yuro a aljihun gaba.

Barsalona ta fi sauƙi: bas ɗin tasha zai ajiye ka kusa da mutum-mutumin Kolombos, bakin titin La Rambla. A nan masu yankan aljihu suka yi yawa, ka rataya jakarka a ƙirji. Daga Piriyas, tashar jiragen ruwan birnin Atina a Girka, jirgin ƙasa layi na 1 zai kai ka unguwar Monastiraki, ƙarƙashin tsaunin Akirofolis.

Rum ce nake jan kunnenka a kanta. Jirgi a Cibitabekiya yake tsayawa, kuma tafiyar jirgin ƙasa daga can zuwa Rum ta kai awa guda. In hutunka awa 4 ne, haƙura. Zauna a Cibitabekiya, ka nemi intanet, ka kira gida.