Ga 'yan uwa sababbin zuwa Faransa: kafin ku kai iyali tsaunin ƙanƙara

Duk shekara da sanyi ya shigo, sai in ga mutanenmu da suka taso daga Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena suna faɗawa rami ɗaya. Yaro ya dawo daga makaranta yana cewa 'yan ajinsu za su je siki, wato wasan zamiya a kan ƙanƙara, a hutun Fabrairu, zuciyar uba ta karye, ya buɗe waya, ya ga hoton manyan tashoshin siki irin su Courchevel ko Val Thorens, ya tura kuɗi bai tambayi kowa ba. Haba ƙannena! Muna nan Girenobul da Liyon, mun riga ku shan wannan sanyin, kuma matambayi ba ya ɓata. Ba na hana kowa zuwa, ina ma so ku je. Ɗan Kamaru Isaac Menyoli ya yi tseren siki a gasar Olamfik ta Salt Lake City a 2002, don haka kada wani ya ce muku ba wasanmu ba ne. Amma a zaɓi wurin da zai karɓi mafi rauni a cikin gida, ba wurin da ya fi suna ba.

Kaya ba matsala ba ne. Riga da wando masu kauri ku ara wajen 'yan uwa ko ku saya na gwanjo, takalma da siki da hular kwano a can ake hayarsu. Hanyoyin zamiya kala huɗu ne, kore, shuɗi, ja da baƙi, kuma sabon shiga ba shi da abin yi sai da kore. Makarantar koyar da siki ta ESF, masu jajayen kaya, tana karɓar yara tun daga shekara 3. Ku duba ko tashar tana da alamar Famille Plus, wadda ake ba wuraren da suka yi tanadi don iyalai masu yara. Idan da mota za ku je, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayoyin sanyi ko sarƙa a yankunan tsauni.

Abin da nake so ku tsaya a kansa shi ne tsayin wurin. Ƙauyen Val Thorens yana mita 2,300 sama da teku, kusan ninki biyu na tudun Ngaundere. A cikinmu akwai gidaje da yawa masu yaro mai sikila, kuma likitoci suna gargaɗin masu wannan ciwo da su guji wuce mita 1,500, ga shi sanyi ma kansa yana tayar da shi. Irin wannan iyali su duba Autrans ko Villard-de-Lans, waɗanda ƙauyukansu ba su wuce mita 1,100 ba, ko La Bresse a tsaunukan Vosges, su kuma ga likitan yaron kafin su biya ko sisi. Ku sani ko a ƙaramar tasha, kujerar sama mai ɗaukar mutane zuwa saman tsauni tana iya kai mutum inda ya fi ƙauyen tsayi sosai.

Sai maganar takardu, inda mu masu yaro mai naƙasa muka fi jin jiki. 'Yata ta biyu ba ta tafiya, a keke take, shi ya sa na san wannan hanyar. Katin naƙasa da kuka zo da shi daga gida ba ya aiki a nan. Dokar 11 ga Fabrairu 2005 ta kafa ofishin masu naƙasa, MDPH, a kowane yanki, kuma can ake neman katin naƙasa na nan, CMI, wanda ya maye gurbin tsofaffin katuna tun 2017. Iri uku ne: na naƙasa ga wanda aka auna naƙasarsa ta kai kashi 80 cikin 100, na shiga gaban layi, da na ajiye mota. Dosiyen yana buƙatar fom ɗinsu, takardar likita wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba, shaidar inda kuke zaune, da katin zama mai rai. Doka ta ba su wata 4, amma a wurare da yawa jiran yakan zarce haka. Wanda yake son zuwa a Fabrairu, tun kafin a koma makaranta a Satumba ya kamata ya shigar. Duk da haka sai mutum ya kira ni a Janairu yana tambaya ko na san wani a ciki da zai hanzarta masa. Malam, nan ba a yin haka.

Ku zo da duk rahoton asibiti na gida, tunda da Faransanci yake. A fom ɗin akwai shafin da ake bayyana yadda rayuwar yau da kullum take. Mutanenmu suna barinsa fayau, ko su rubuta cewa alhamdulillahi komai lafiya, saboda kunya da kara. Godiyar Allah tana nan a zuciya, amma a takardar ku rubuta gaskiya: wa ke yi masa wanka, wa ke ɗaukarsa a matakala, sau nawa ake tashi da dare. Da wannan suke aunawa. Idan rubutun ya yi nauyi, ku nemi ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta unguwarku, ku kuma tambaye ta ko CAF ɗinku, wato ofishin tallafin iyali, tana ba da tallafin hutu na VACAF, don kowane yanki da nasa sharaɗin. Da katin CMI a hannu, tashoshi da yawa suna rage kuɗin tikitin hawa, wasu har da na mai rakiya.

Akwai wani tarko kuma. Wasu tashoshin suna kan iyaka: daga Avoriaz ko Châtel mutum yana zamewa ya tsinci kansa a Suwizalan, daga Montgenèvre ko La Rosière sai Italiya. Wanda yake riƙe da resepise, wato takardar wucin gadi ta neman katin zama karo na farko, ba shi da izinin fita ya dawo yadda ya ga dama. Ku tsaya ɓangaren Faransa har takardunku su kammala, yara kuma a nema musu takardar DCEM, wadda take ba yaro baƙo damar fita ya dawo Faransa.

Yanzu ga abin da ya sa wahalar ta cancanta. Akwai kujera da aka ɗora kan siki biyu, ana zaunar da yaro a ɗaure shi da maɗauri, malami ya tsaya a bayansa yana tuƙi. Mai ƙarfin hannu kuma akwai kujera mai siki ɗaya da gajerun sanduna biyu masu ƙananan siki a ƙasa, shi yake tuƙa kansa. Makaho yana bin muryar jagora da ke gabansa. Ranar da aka sauko da 'yata, tun daga nesa nake jin ihunta na murna, kumatu sun yi sanyi ƙalau, tana ce wa malamin a sake. Na nuna mata hoton Marie Bochet, wadda aka haifa ba ta da rabin hannun hagu, ta kuma ci zinare 4 a siki a gasar Olamfik ta masu naƙasa a Sochi a 2014, ta ƙara 4 a 2018. Raina yana ɓaci idan na ga an tafi da sauran yara an bar mai naƙasa a gida wajen inna, wai don kada ya wahala. Sai dai ba kowace makaranta ke da kujerun da malamin da ya ƙware ba, kuma kaɗan ne, don haka ku kira ku kama wuri tun da wuri. Ku riƙa cire takalmi kuna taɓa yatsun ƙafarsa, saboda ƙafar da ba ta motsi tana daskarewa ba tare da ya ji ba.

Masu gidajen haya kuwa, ku yi hattara da su. Yawancin dogayen gine-ginen tashoshin nan tun shekarun 1960 da 1970 aka yi su, ba a yi su don keke ba. Wani mai gida ya rantse mini a waya cewa akwai lif. Akwai kam, amma sai an hau matakala kafin a kai gare shi, ƙofar bayi kuma keken bai shiga ba. Mako guda ina ɗauke da yarinya a kafaɗa, da na yi magana ya ce ai ban tambayi wannan ba. Ku nemi alamar Tourisme et Handicap, ku duba ko ta shafi irin naƙasar ɗanku, don kashi huɗu ce: motsi, gani, ji da ƙwaƙwalwa. Ku ce a auna muku faɗin ƙofa da santimita, a turo hoto tun daga wurin ajiye mota har cikin ɗaki. Ku tambayi kuɗin ajiya, na shara da na zannuwan gado, ku ɗauki hoton komai ranar shiga. Wanda ya ce a tura masa kuɗi ba kwantiragi, ku rabu da shi.

Kada ku ƙi ɗan ƙarin kuɗin inshora wajen sayen tikiti, domin idan aka ɗauko mutum daga kan hanya da karaya, shi zai biya kuɗin ceton, kuma ɗaruruwan yuro ne. A gidan abinci ku tambaya kafin ku ci: tartiflette da naman alade ake yi, fondue kuma da giya. Mu dai uwargida takan haɗa miyar kuka da kilishi da garin tuwo tun daga gida, mu dafa a ɗaki. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, don haka ku duba kalanda kafin ku kama makon.