Yadda nake cire farcen roba a gida ba tare da na illata nawa ba

Karon farko da na cire farcen roba da kaina, da haƙori na yi. Gefen na ɗan yatsan tsakiya ne ya ɗaga, gashi yana ta maƙalewa a ciki, na ji haushi na ɓamɓare shi, sauran tara suka bi baya. Da na duba bayan robar sai na ga wani farin ɓawo manne da ita. Ashe saman farcena ne ya biyo ta. Kusan wata shida na yi da farce kamar takarda, ko ruwan ɗumi ya taɓa sai na ji zafi. Farcen hannu kusan milimita 3 yake ƙaruwa a wata, don haka ɓarnar minti 5 sai ta ci rabin shekara kafin sabo ya maye gurbinta.

Kafin komai, ki san irin wanda aka sa miki. Idan na mannawa ne da gam, aikin mai sauƙi ne: ruwan ɗumi da sabulu da ɗan mai, ki tsoma hannu minti 10 zuwa 15, ki riƙa motsa shi a hankali ta gefe har ya saki. Akirilik, wato wanda ake haɗa hoda da wani ruwan sinadari a gina a kan farce, shi ne mai buƙatar asiton, ruwan sinadarin nan da ake sawa a maganin goge jan farce. Akwai kuma jel mai tauri wanda asiton ba ya narkarwa ko kusa, sai dai a goge shi da magagari. Wannan kam ni ba na taɓa shi a gida, wurin mai gyaran farce nake komawa.

Ga yadda nake yi da akirilik. Ina fara rage tsawon da abin yanke farce, daga gefe zuwa tsakiya, don idan aka datse a tsakiya lokaci guda robar na iya tsagewa ta ja na ƙasa. Sai in ɗauki magagarin farce mai kaushi, mai lamba 100, in goge ƙyallin saman har ya dusashe. Nan ne mutane ke yin ganganci ta hanya biyu: wata ba ta goge ba sam, asiton ya kasa ratsawa, wata kuma ta zage har ta cimma farcenta. Ƙyallin kawai za ki kashe, ki ɗan rage kaurin, ki tsaya.

Daga nan sai basilin a fatar da ke kewaye da farcen, saboda asiton yana tsotse maiƙon fata ya bar ta fari fat. Asiton ɗin kuma ya zama zalla. Maganin goge jan farce da aka rubuta babu asiton a cikinsa ba zai yi miki komai ba, na taɓa ɓata awa guda a kansa. Ki yago auduga daidai faɗin farcen, ki jiƙa ta sharaf, ki ɗora, ki naɗe da takardar alminiyam da kyau don kada ya tsere, domin asiton ba ya jimawa a iska. Hannu ɗaya nake yi in gama kafin in koma ɗayan, in ba haka ba ko wayata ba zan iya ɗauka ba.

Minti 20 nake ba shi, da agogo. Idan na buɗe, akirilik ɗin ya yi laushi ya yi yauƙi, sai in ture shi da ɗan tsinken katako daga gindin farce zuwa baki. Duk inda ya ƙi tafiya ba na ja-in-ja da shi, sabuwar auduga nake sawa in ƙara minti 10. Wani lokacin sai an yi zagaye uku. Da zarar kin ji kina sa ƙarfi, to lokaci bai yi ba, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Magana ɗaya ba ta wasa: asiton yana kama wuta nan take. Kada ki ɗora shi a wuta ko ki sa a na'urar ɗumama abinci wai don ya yi sauri, kada kuma ki zauna kusa da kyandir ko murhu. Ki buɗe taga. In a kwano za ki zuba, na gilashi za ki nema, don yana cin wasu robobin, yana kuma ɓata fentin tebur.

Bayan an gama ki wanke hannu, ki shafa mai a farce da gindinsa, safe da dare. Ki bar shi gajere na wasu makonni. Siririyar fatar nan ta gindin farce kada ki yanke ta, ita ce ke toshe ƙofar da ƙwayoyin cuta za su shiga. In za ki yi wanki ko wanke-wanke, ki sa safar hannu, yawan jiƙewa da bushewa shi ke sa farce ɓarewa. Za ki ji ana cewa a bar farce ya sha iska. Farce ba ya numfashi, daga jini yake samun abin da yake buƙata, hutun da ake ba shi na gogewa ne da sinadarai.

Ki kuma duba launinsa da kyau. Idan kin ga kore-kore, yawanci ƙwayar cutar Pseudomonas ce ta samu danshi a ƙarƙashin robar da ta ɗaga. Kada ki rufe shi da sabon farce, ki bar wurin a bushe. In akwai kumburi, mugunya, zugi, ko farcen ya fara rabuwa da naman da ke ƙasansa, likitan fata za ki gani, musamman in kina da ciwon suga.