Yadda za ka gane inda sarki ya karkata

A majalisarmu ta bayan la'asar a Birnin Kebbi ba a rasa mai tayar da gardamar nan: wai sarki yana da jam'iyya? Ni dai na ce ra'ayi kam yana da shi, ai ɗan Adam ne. Abin dubawa shi ne ko ya bari ra'ayin ya shiga aikinsa, kuma wannan ana iya gane shi.

Fara da tambayar wa ya rubuta abin da sarki yake karantawa. Jawabin da Sarki Charles na Ingila ke yi ranar buɗe majalisa, gwamnati ce ke rubuta masa, ko wace jam'iyya ce ke mulki. Dokar da majalisa ta zartar kuma sa hannu kawai yake yi. Rabon da mai sarautar ƙasar ya ƙi tun 1708. Don haka kada ka ɗora masa maganar da ke cikin takardar.

Ka nemi inda ya buɗe baki ba a sa shi ba. A 2015 kotu ta sa aka fito da wasiƙun da Charles ya aika wa ministoci yana yarima, kan noma, gine-gine da kayan aikin sojoji. A Beljiyam kuwa, a 1990 Sarki Baudouin ya ƙi sa hannu kan dokar zubar da ciki saboda addininsa. Sai aka ayyana cewa ba zai iya mulki ba na kwana ɗaya da rabi, ministoci suka sa hannu, aka mayar da shi. Ra'ayinsa ya fito fili, dokar kuma ta wuce.

A nan gida lissafin daban ne. Tsarin mulkin 1999 bai ware wa sarakunanmu wani aiki ba. Gwamna ke ba da sanda, shi ke karɓewa, kuma mutanen Gwandu sun ga haka a 2005, lokacin da gwamna ya tuɓe sarkinsu. Shirun sarki a nan, sau da yawa kare rawani ne.

Saboda haka lokacin kamfe kada addu'ar fada ta ruɗe ka. Duk ɗan takarar da ya faɗi gaisuwa, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri" zai samu. Dubi wanda aka tara wa hakimai, dogarai suka jeru, aka busa algaita, da wanda aka ce masa Mai Martaba ya shiga gida, ga wakili. Dubi wanda aka naɗa wa rawani ana saura 'yan watanni zaɓe. Na fi ba wannan nauyi, don ba a ba da sarauta da ka.

In har yanzu kana shakka, bar fada ka koma unguwa, ka ji sunan da mai unguwa ke raɗa wa magidanta bayan sallar isha'i a makon zaɓe.